Ƙwan da Ya Sha Hanya: Yadda Ake Ƙyanƙyashe Shi a Gida

Kwalin ya iso tashar mota da hantsi, an rubuta masa gargaɗi a kowane gefe cewa ƙwai ne, a bi a hankali. Mai shi ya ga hotunan manyan kajin Brahma a Facebook, ya tura kuɗin ƙwai 30, ya biya direba kuɗin saƙo. Da ya buɗe ya ƙirga, ko ɗaya bai fashe ba. Kafin azahar duk ya jera su a injin ƙyanƙyasa. Ranar da aka cika kwana 21, 'yan tsaki shida suka fito, saura kuwa baragurbi. Daga nan sai cacar baki a waya: shi yana rantsuwa an sayar masa da ƙwan da ba zakara, mai sayarwa yana cewa injinsa ne na banza.

Irin wannan labari ya zama ruwan dare tun da masu kiwo a Kano, Kaduna da Katsina suka fara sayo ƙwan kajin da babu irinsu a kusa. Kuma sau da yawa duka biyun ba su kama bakin zaren ba. Ɓarnar a hanya aka yi ta, gaggawa ta ƙarasa sauran.

Abin da hanya ke yi wa ƙwai

A cikin kowane ƙwai, wajen kansa mai faɗi, akwai ɗan kogon iska tsakanin fatu biyu sirara da ke bin ɓawo. Duk wanda ya ɓare dafaffen ƙwai ya ga gurbinsa. Da iskar wannan kogo ɗan tsako ke jan numfashinsa na farko a kwana na 19 ko na 20, kafin ya sami ƙarfin huda ɓawo. Gwaiduwa kuwa wasu fararen igiyoyi biyu ne ke riƙe da ita a tsakiya, a samanta kuma akwai ɗan farin ɗigo wanda shi ne zai zama tsako.

Ƙwan da ya taso daga Ibadan ko Abekuta yakan shafe yini da kwana yana shan gargada. Ɓawo na iya isowa lafiya lau alhali ciki ya kaɗu: kogon iska ya saki yana yawo, ko ya tsattsage ya zama ƙananan kumfa.

Bayan girgiza sai zafi. Wurin ajiyar ƙwan ƙyanƙyasa ana so ya tsaya tsakanin digiri 13 zuwa 18. Da zafi ya haura digiri 26 ko 27, ɗigon nan zai fara girma, amma girma irin na wahala, yana farawa yana tsayawa. Ke nan kwalin da ya kwana a bayan mota kusa da inji, ko ya yini a rana a tasha cikin watan Afrilu, ya fara kwanci tun bai iso gida ba.

Na uku shi ne tsufa. Daga kwana bakwai da haihuwar ƙwai, ƙarfin ƙyanƙyasarsa kullum raguwa yake yi. Mai kaji biyar da zai haɗa ƙwai 30 sai ya yi tari na mako guda ko fiye, sannan a ɗora kwanakin hanya. Shi ya sa masu kiwo da suka goge suke ɗaukar rabi a matsayin sa'a: in an zuba 30 aka sami 15, an yi abin kirki. Mai son tsaki 20 sai ya yi lissafin ƙwai 40.

Tun kafin a tura kuɗi

Akwai tambayoyi uku da mai saye ba zai ji kunyar yi ba: yaushe aka haifi ƙwan, zakara nawa ne a garken, kuma an yi wa iyayen rigakafi? Zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma shi ne daidai. Ya nemi a rubuta ranar haihuwa da fensir a jikin kowane ƙwai, kada kuma a wanke su, domin ɓawo na da wani siririn shafi da ke tare ƙwayoyin cuta, ruwa kuwa wanke shi yake yi. A jera su a kiret kan mai tsini yana ƙasa, a cike giɓi da ɓuntun shinkafa ko takarda har ba abin da ke motsi. Motar dare ta fi ta rana, kujerar gaba ta fi bayan mota, sanyin Disamba kuma ya fi zafin bazara.

Kada kuma a manta akwai cututtukan da ke bin ƙwai daga uwa zuwa tsako, kamar farin kashi, don haka garken da ba a san lafiyarsa ba abin gudu ne komai arahar ƙwansa.

Ranar isowa

Ƙwan da ya sauka daga mota kamar majinyaci ne, hutu yake buƙata. A fitar da shi daga kwali, a tsayar da shi kan mai faɗi yana sama, a bar shi awa 12 zuwa 24 a ɗakin da ya fi sanyi a gidan. Kusa da randa ya yi. Firji bai yi ba.

Da dare a kashe fitila a haska kowanne da tocila daga kan mai faɗi. Wanda ke da tsaga, ko da kamar zaren gashi ce, a ware shi. Wanda kogon iskarsa ke zaune daram, a sa masa alama ɗaya. Wanda nasa ke rawa in an ɗan karkata shi, a sa masa wata alamar.

Shi kuwa inji, a kunna shi kwana guda cur kafin ƙwai ya shiga. Ƙananan injunan da ke kasuwa sukan nuna lamba a allo, amma zafin ciki daban. Ma'aunin zafin jiki na kemis, wanda aka ajiye daidai tsayin ƙwai, zai faɗi gaskiya. Inji mai fanka yana son digiri 37.5. Wanda ba shi da fanka yana son kimanin 38.5 in an auna a saman ƙwai.

Ga babban bambancin ƙwan tafiya da ƙwan gida: ana zuba shi a tsaye, kan mai faɗi a sama, kuma wanda kogonsa ke rawa ba a juya shi a kwana biyu zuwa uku na farko. In injin mai juyi da kansa ne, a kashe juyin. Bayan nan sai a fara karkata kiret ɗin dama da hagu a hankali, aƙalla sau uku a yini, ko sau biyar, don kada ya kwana a gefe guda dare biyu a jere. Kada a wuce kwana ukun ba juyi, domin a makon farko ne tsako ya fi saurin mannewa da ɓawo.

Hunturu, bazara, damina

Takardar da ke zuwa da inji ba ta san yanayin Arewa ba. Ana son danshin ciki ya tsaya wajen kashi 45 zuwa 55 cikin ɗari har kwana 18. A hunturu iska kan bushe ƙamas, ruwan da aka zuba da safe ya ƙafe kafin magariba, don haka sai an riƙa dubawa, ana ƙara kwano ko jiƙaƙƙen soso. A watan Agusta kuwa iska da kanta a jiƙe take, wanda ya cika ruwa sai tsaki su mutu a ɓawo saboda kogon iska bai buɗe ba.

Mai ƙaramin sikeli yana da hanyar tabbatarwa. Ƙwai ya kamata ya rage kimanin kashi 12 cikin ɗari na nauyinsa zuwa kwana na 18: mai giram 60 ya koma kusan 53. In ragin ya yi sauri a ƙara ruwa, in yana jan ƙafa a rage.

Bazara tata matsalar daban. Inji ɗumamawa kawai ya sani, bai iya sanyayawa ba. A ɗakin kwano da tsakar rana, in zafi ya kai digiri 40, cikin inji ma haka zai kai, 'yan awoyi a irin wannan zafi kullum kuma suna iya ɓata zubin. Ɗakin ƙasa ko mai silin, nesa da taga, shi ya dace.

Ɗauke wuta bai kai wannan haɗari ba, don tsako ya fi jure sanyi a kan zafi. Kaza ma takan tashi ta yi kiwo ta dawo. In wuta ta tafi, kada a buɗe inji. A lulluɓe shi da bargo a bar 'yar kafar iska, in abin ya daɗe a sa gorar ruwan ɗumi a ciki ba tare da ta taɓa ƙwai ba. Amma wanda ba shi da sola, batir ko janareta, gara ya nemi kazar gida mai kwanci ya zuba mata ƙwai 10 zuwa 12 da dare.

Haskawa da kwana ukun ƙarshe

A kwana na 7, ƙwai mai rai yana nuna jajayen jijiyoyi kamar saƙar gizo, da ɗan baƙin ɗigo a tsakiya. Zoben jini kewaye da ciki alamar ya fara ya mutu ne. Wanda ya fito fes a jira shi zuwa kwana na 10 sannan a cire. Mai wari ko mai tsattsafo a fitar da shi nan take, don in ya fashe zai gurɓata saura.

A kwana na 18 a daina juyi, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, a buɗe kafofin iska. Ƙwan tafiya yakan zo da kogo mai gangarowa gefe kamar sirdi. A zana iyakarsa da fensir, a kwantar da ƙwan wajen da kogon ya fi gangarowa yana sama, ta nan tsako zai huda. Wanda har yanzu nasa ke rawa a bar shi a tsaye.

Daga nan sai kame hannu. Tsakanin huda ɓawo da fitowa ana iya yin awa 12 zuwa 24, lokacin tsako na shanye ragowar gwaiduwa. Mai ɓare masa ɓawo don tausayi yakan tsinka jijiya, mai yawan buɗe inji kuma yana busar da fatar ciki ta ɗaure shi. Waɗanda suka fito a bar su su bushe, gwaiduwar da suka shanye za ta riƙe su kwana ɗaya ko biyu. Sannan a mayar da su wurin ɗumi mai digiri 32 zuwa 35, a ba su ruwa kafin abinci, a tuntuɓi likitan dabbobi kan rigakafin Niyukasil da Gumboro, waɗanda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom ke sarrafawa.

Mai neman kajin ƙwai ko nama, ba na ado ba, yana da zaɓin da ya fi sauƙi: tsakin kwana ɗaya na Noiler ko FUNAAB Alpha, ko ShikaBrown da cibiyar NAPRI ta Shika kusa da Zariya ta samar. Tsako ya fi ƙwai jure hanya.

Rigimar mai saye da mai sayarwa kuwa, ƙwan da bai fito ba shi ke raba ta. A kwana na 23 a fita da su bayan gida a fasa ɗaya bayan ɗaya. Yawan masu zoben jini yana nuna hanya, zafi ko tsufa. Cikakkun tsaki da suka mutu ba su huda ba suna nuna danshi ko ƙarancin iska a inji. In kuwa akasarinsu gwaiduwa ce fes ba ko ɗigon jini, sai a ɗauki hoto a tura wa mai sayarwa, a tambaye shi zakaru nawa ne a garkensa.