DARASI: ƘARAMAR HUKUMA DA HAKKIN 'YA'YANMU

Idan rufin aji ya kware, ko kuwa aka rasa magani a asibitin ƙauye, mukan ce gwamnati ta gaza. To, wace gwamnati? Wajibi ne mu san amsar, gama wanda bai san mai riƙe da hakkinsa ba, ba shi da ƙofar da zai ƙwanƙwasa.

Tun gyaran da aka yi a shekarar 1976, ƙaramar hukuma ta zama mataki na uku na mulki a Nijeriya, yawansu kuwa 774 ne. Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya ɗora musu sa hannu cikin ilimin firamare da kiwon lafiya. A nan ne yaro yake fara saduwa da hukuma: wurin allurar rigakafi, awon nauyi, da aji ɗaya.

Ina kuɗin yake fitowa?

Babban kaso daga Asusun Tarayya yake zuwa kowane wata. Bisa tsarin rabo, Tarayya tana ɗaukar kashi 52.68 cikin ɗari, jihohi 26.72, ƙananan hukumomi kuma 20.60. Ban da wannan akwai kuɗin rumfunan kasuwa, na tashar mota da makamantansu, amma a karkara ba su taka kara sun karya ba.

Shekaru da dama rabon ƙananan hukumomi yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Daga nan akan cire albashin malaman firamare tun kafin kuɗi ya sauka, sau da yawa abin da ya rage ba ya isa alli da benci. Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kai tsaye, kada kuma a ba majalisar da ba jama'a suka zaɓa ba.

Wa ke haɗa aikin?

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 ta keɓe kashi 2 cikin ɗari na kuɗin shigar Tarayya domin ilimi na tushe, amma sai jiha ta ajiye daidai abin da za a ba ta kafin ta karɓi tallafin gine-gine. Idan jiha ta yi sanyin jiki, kuɗi ya kwanta a Abuja, yara kuwa suna karatu a ƙasa. Hukumar ilimi ta ƙaramar hukuma ce ke kula da makarantu a kullum, ƙarƙashin hukumar jiha. Dokar lafiya ta 2014 ita ma ta keɓe aƙalla kashi 1 cikin ɗari domin kiwon lafiya matakin farko. Dokar hakkin yara ta 2003 kuwa ta tanadi kwamitin aiwatarwa har a matakin ƙaramar hukuma.

Duk inda hannaye suka yi yawa, ɗora laifi yakan yi sauƙi. Ciyaman ya nuna jiha, jiha ta nuna Tarayya, yaro kuma shekarunsa suna wucewa, ba sa jiran kowa. Domin haka ne aka kafa kwamitin gudanar da makaranta da kwamitin raya mazaɓa, inda iyaye suke da kujera. Kujerar da muka bari babu kowa, wani ne zai zauna a kanta.

Tambayoyi domin nazari

1. Mun san kansilan mazaɓarmu? Yaushe muka tambaye shi kasafin makarantu?
2. Su wane ne ke cikin kwamitin makarantar unguwarmu, kuma akwai iyaye mata a ciki?
3. 'Ya'yanmu nawa ne ba su da takardar haihuwa, ko ba su gama rigakafi ba?

Bari kowace ƙungiya ta tattauna waɗannan a taronta na wannan wata, ta kawo amsa a rubuce.