Darasi Domin Ƙungiyoyin Manoma: Aikin Gida Tsakanin Bazara da Noman Firi

Wannan darasi domin a karanta shi ne a taron ƙungiya, a tattauna, kowa ya koma gida ya gwada.

Mu da ke noma a ƙasar Gumel, Maigatari, Gagarawa da Sule Tankarkar mun san daminarmu gajera ce. Ruwa yakan zauna cikin Yuni, kafin ƙarshen Satumba kuwa ya fara ɗaukewa. Ƙasarmu jigawa ce, ba ta riƙe danshi. Saboda haka aikin da ba mu gama a bazara ba, zai ci mana kwanakin shuka, kwanakin shuka kuwa ba su dawowa. Da sanyin safiya ake kama fara.

1. Mu auna abin da ke rumbu

Aikin farko lissafi ne. Maigida da uwargida su zauna tare su auna hatsi. Daga shuka zuwa sabon gero kamar kwana 100 ne. Gidan da ke cin tiya 2 kullum zai bukaci tiya 200, wato buhu 5 in buhu yana cin tiya 40. In abin da ke rumbu bai kai ba, gara mu sani yanzu. Wanda bai auna ba, yunwa takan same shi cikin Agusta, ya bar gonarsa cikin ciyawa ya tafi ƙwadago gonar wani, ko ya ci bashi a kan amfanin da bai nuna ba. Labarin Yusufu a Masar, cikin Farawa sura 41, yana koya mana cewa tanadi ba rashin bangaskiya ba ne.

2. Mu gwada iri

A ware iri dabam da na ci. A ƙirga ƙwaya 100, a naɗe cikin tsumma mai danshi, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Bayan kwana 5 zuwa 7 a buɗe. In 80 ko fiye sun tsiro, iri mai kyau ne. In ba su kai 70 ba, a nemi wani. Wannan gwaji 'yan makaranta ma za su iya yi mana. Mai neman gero mai saurin nuna ya tambayi malamin gona irin SOSAT. A ajiye ragowar iri kuma, domin maimaita shuka in ta ƙone.

3. Ba kowane ruwa ne ruwan shuka ba

Bayan ruwan fari a tona ƙasa da hannu. In danshi bai nutse kamar taƙi guda ba, a dakata. Yayyafi yakan tsirar da iri, rana kuma ta kashe shi. Masu yin binne su sani caca ce: kada a binne dukan iri, kada a binne dukan gona.

4. Taki kaɗan a inda ya dace

A kwashe takin turke, da toka, da sharar gida, a kai gona tun amalanke yana da sarari. In bai isa gona duka ba, a zuba a gurbin shuka maimakon a watsa.

Takin zamani ya yi tsada, amma akwai dabarar da masu bincike na ICRISAT suka gwada a Sadore, kusa da Yamai. A zuba NPK cikin murfin kwalbar lemo guda, kamar giram 6, a kowane rami, a gefe kaɗan don kada ya taɓa iri. Da haka buhu mai kilo 50 zai kai rami fiye da 8,000. Gida biyu ko uku za su iya haɗa kuɗi su sayi buhu ɗaya ta hannun ƙungiya.

5. Kada mu share gona ƙal

Mun saba in za mu yi sharar gona mu sare sabara da kalgo, mu tara mu cinna wuta. To, iskar da ke zuwa gaban hadari takan kwaso yashi ta yanke ƙaramin gero ko ta binne shi, domin ba abin da zai tare ta.

A 1983 wani ma'aikacin mishan na SIM a Maraɗi, Tony Rinaudo, ya lura cewa kututturan da ake sarewa kowace shekara suna da rai, saiwoyinsu na nan a ƙasa. Sai aka fara abin da ake kira sassabin zamani: a kowane kututture a zaɓi tsiro 3 zuwa 5 masu ƙarfi a bari, a sare sauran, a rage ƙananan rassa. Bayan farin 1984 manoma da yawa suka karɓi dabarar, ta bazu a Maraɗi da Damagaram, maƙwabtanmu na tsallaken iyaka, har itatuwa suka dawo a miliyoyin kadada. Ba a sayen dashe, ba a ban ruwa. Gawo kuwa abokin manomi ne, gama yakan kaɗe ganyensa da damina, gero ya yi kyau a ƙarƙashinsa, da rani kuma 'ya'yansa abincin dabbobi ne.

6. Dabbobi da maƙwabta

Da zarar an yi shuka, a ɗaure awaki da tumaki a turke, a yi musu rumfa inda ruwa ba ya kwanciya. A ba su maganin tsutsar ciki a farkon damina. Kada a cika su da sabuwar ciyawa farat ɗaya, takan sa su zawo; a haɗa da harawa.

Kada kuma mu ci burtali da shuka. Rabin kunya da muka ƙara a kan hanyar shanu ba ta kai zaman lafiyarmu da makiyaya ba. Shaidar mai bi tana bayyana har a iyakar gonarsa.

7. Cikin gida

A gyara jinka, a yaɓe bango, a buɗe magudana, a ta da bakin rijiya. Mata su tanadi busasshen itace da kara. A rataya gidan sauro. In masu rabon maganin rigakafin zazzaɓi suka zo, a ba yara daga wata 3 zuwa shekara 5 kowane wata, a cika kwanakin shan maganin. A bar wa uwargida wuri a bayan gida domin kuɓewa, rama da zogale, a kuma ba mata da samari ranar aikin gayaunarsu.

8. Kasuwa

Kasuwar Maigatari tana ci ran Alhamis, kuma garin yana da yankin ciniki na bakin iyaka. 'Yan kasuwa suna neman riɗi da zoɓo domin kaiwa ƙasashen waje. Wannan dama ce, amma farashi yana hawa yana sauka. Mu fara cika gonar abinci, gero da wake, sa'an nan mu keɓe wa riɗi wuri. In za a sayar da rago, a sa kuɗin cikin iri, taki ko hatsi.

Mako 2 zuwa 3 bayan tsiro a yi noman firi, a rage gero a bar uku a rami. Gidan da rashin lafiya ko takaba ta hana, ƙungiya ta kai masa gayya.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. Gida nawa ne a cikinmu hatsinsu ba zai kai sabon gero ba? Me ƙungiya za ta yi tun yanzu?
2. Wa zai bar itatuwa a gonarsa bana, mu je mu gani da kaka?
3. Gonar wa za mu fara kai wa gayya?

A rufe taro da addu'a, a roƙi Allah ruwa mai albarka domin mu da maƙwabtanmu duka.