Mota Mai Lantarki: Hannu a Kan Sitiyari, Ido a Kan Batir

Tambayoyi biyu ake yawan kawo wa mai wannan rubutu a garejin da yake aikin wutar mota. Ta farko daga bakin matasa take fitowa, waɗanda suka ga bidiyo a waya, direba ya harɗe hannuwa mota tana zuba gudu: "Injiniya, wai da gaske ita ke tuƙa kanta?" Ta biyu ta dattawa ce, masu tunanin saye tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023: "An ce haka kawai take kamawa da wuta." Haɗari ɗaya da ya faru a ƙasar Sin ya haɗa amsoshin biyu wuri guda.

Daren 29 ga Maris 2025, ɗalibai mata uku suna kan babbar hanya a lardin Anhui cikin mota ƙirar Xiaomi SU7, za su je rubuta jarrabawa. Manhajar taimakon tuƙi ce ke riƙe da motar, tana tafiyar kilomita 116 a awa. A gaba ana gyaran hanya, an karkatar da motoci. Bisa bayanan da kamfanin ya fitar da kansa, motar ta yi gargaɗi, mai tuƙin ta karɓi sitiyari, cikin daƙiƙa biyu zuwa huɗu suka daki shingen kankare da gudun kilomita 97. Wuta ta tashi, dukansu suka rasu. Danginsu sun ce ƙofofin sun ƙi buɗuwa.

A gudun kilomita 116 a awa, mota tana cin mita 32 a kowace daƙiƙa. Mutumin da hankalinsa ya bar hanya, kafin ya ɗago kai, ya gane abin da ke gabansa, ya kai ƙafa kan birki, aikin gama ya gama. Nan ne matsalar take. Na'urar tana tuƙi da kyau na tsawon awanni har direba ya saki jiki, sai a lokacin da abu ya fi ƙarfinta ta miƙa masa sitiyari.

Injiniyoyi sun raba wannan fasaha mataki-mataki, daga 0 zuwa 5. Kusan duk abin da ke hannun masu saye, har da Autopilot na Tesla, a mataki na 2 yake: motar tana tsare layinta, tana rage gudu idan ta gaba ta rage, amma alhakin tuƙi yana wuyan direba ɗari bisa ɗari. A Mayun 2016 a Fulorida, wata Tesla ta shige ƙarƙashin farar tirela da ta gitta hanya. Masu bincike a Amurka sun gano cewa cikin minti 37 da na'urar ta yi tana aiki, daƙiƙa 25 kacal hannun direban ya taɓa sitiyari. A Disambar 2023 kamfanin ya yi wa motoci sama da miliyan biyu gyaran manhaja don ta ƙara sa ido kan direba. Ita kuwa gwamnatin Sin, makonni kaɗan bayan haɗarin Anhui, ta hana kamfanoni tallata irin wannan na'ura da sunan "mota mai tuƙa kanta". Wannan mataki ya yi daidai, domin sunan ne ke fara yaudarar mutum tun kafin ya shiga motar.

Kyamarar motar farin layin kwalta take karantawa. Duk wanda ya san titin da layinsa ya goge, da hazon hunturu, da garken shanu ko ɗan acaɓa da ke faɗowa ba sallama, ya san bai kamata ya bar mata sitiyari ko na ƙiftawar ido ba.

Maganar gobara kuma, a fara da adalci. Alƙaluman hukumar agajin gaggawa ta Suwidin na 2022 sun nuna gobara 23 cikin motoci masu batir kimanin 611,000, yayin da aka samu kusan 3,400 cikin masu fetur da dizal miliyan 4.4. Gobarar da ta cinye wurin ajiye motoci na filin jirgin Luton a Ingila cikin Oktoban 2023, wadda aka yi ta ɗora wa motar lantarki, daga motar dizal ta tashi. Motar lantarki ba ta cika kamawa ba. Idan ta kama ne ake gane wutarta daban take.

Batirin yana shimfiɗe a ƙarƙashin kujeru, ɗauke da ɗaruruwa ko dubban ƙwayoyi. Cikin kowace ƙwaya akwai wata 'yar fata da ba ta kai kaurin gashi ba, ita ce ke raba ɓangarorin wuta biyu. Idan duka ya huda ta, ƙwayar ta ɗau zafi, ta dafa maƙwabciyarta, ita ma ta dafa ta gaba, haka har ƙarshe. Tukunyar kashe gobara da ke cikin but ba ta iya tsayar da wannan. Ruwa ake ta kwararawa har batirin ya huce, kuma littafin Tesla na 'yan kwana-kwana ya ce aikin na iya cin lita 11,000. Ko bayan nan ba a gama ba. Wata Tesla da ta yi haɗari a Kalifoniya a Maris 2018 ta sake kamawa a wurin ajiya bayan kwana biyar. A Agustan 2024, Marsandi mai lantarki da ke ajiye a ƙarƙashin wani bene a Incheon, Koriya ta Kudu, ba ma a kan caji ba, ta tashi da kanta. An fi awa takwas ana fama, motoci da dama suka ƙone ƙurmus.

Abin da ya fi tayar wa mai rubutun hankali shi ne motocin haɗari da ake sayowa gwanjo daga Amurka a gyara a nan. Kwanakin baya aka kawo masa ɗaya, fenti sai ƙyalli, mai ita yana ƙorafin caji ba ya daɗewa. Da aka ɗaga ta, ya haska tocila, sai ga lotsawa kamar faɗin tafin hannu a farantin batir, an shafe ta da baƙin fenti. Yana cikin dubawa yaron gareji ya miƙa hannu zai ja wata waya mai launin lemo.

"Kai! Janye hannunka!"

Wannan wayar tana ɗauke da wuta mai ƙarfin bolt kusan 400. Batirin da yaron ya saba da shi 12 ne. Duk waya mai launin lemo a irin waɗannan motoci, ba a taɓa ta sai an kashe wutar batir an sa safar hannu ta musamman.

Mai rubutun ya kira mai motar ya nuna masa lotsawar. "Alhaji, wannan ba aikin mai walda ba ne, kuma kada ta sake kwana kusa da ɗakin yara." Ya ƙara masa da cewa ko motar da ambaliya ta ci haka ake yi da ita, domin bayan guguwar Ian a Fulorida a 2022 motocin da ruwan teku ya shiga batirinsu sun yi ta kamawa kwanaki bayan ruwan ya janye. Ya ce idan ya ji ƙarar fas-fas daga ƙasa, ko wari mai ɗan zaƙi, ko ya ga farin hayaƙi, kowa ya fita ya yi nisa, ya tsaya ta inda iska ke tahowa, saboda hayaƙin guba ne. Wanda zai kira 'yan kwana-kwana kuma ya faɗa musu tun a waya cewa motar lantarki ce.

Kafin su rabu ya zaunar da shi a kujerar direba. Ƙofar motar da maɓalli take buɗuwa, idan wuta ta yanke maɓallin ya mutu. Ya kama hannunsa ya ɗora a kan ɗan ƙaramin marikin da ke ɓoye a jikin ƙofar, wanda ake ja a buɗe ba tare da lantarki ba. Wata huɗu Alhaji yana hawan motar bai san da shi ba. Ya ja sau uku, ya fito, ya zagaya ƙofar baya inda jikokinsa suke zama, ya ce a nuna masa na nan ma.