Darasi: Kiyaye Gasasshen Naman Layya Daga Ɓaci

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Tsira da aminci su tabbata ga fiyayyen halitta, da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya ku ƴan uwa, al'adarmu ce a Yamai, Maraɗi, Damagaram da Tawa, ranar layya mu tsire raguna a kan itace, mu kewaye wuta da su, su wuni suna shan zafi da hayaƙi, rabo sai washegari. Kiyaye wanga nama amana ce a wuyanmu, domin maƙwabta da mabuƙata za su ci daga gare shi, alhali shari'a ta hana cutarwa. Ga shi kuma layyar 2024 da ta 2025 duk cikin watan Yuni suka faɗo, lokacin da zafin rana ke wuce digiri 35.

Mas'ala ta farko: mafarin cutar

Mu sani, ƙwayoyin cuta suna hayayyafa ne tsakanin digiri 5 da digiri 60. Idan suka samu ɗumin da suke so, adadinsu kan ninka kowane minti 20, har ƙwaya ɗaya ta wuce miliyan biyu cikin awa 7. Gashin da ya kai digiri 70 har cikin tsoka yana kashe mafi yawansu. Amma akwai wata, Clostridium perfringens, mai ɓuya cikin ƙwanso ta tsallake wuta, ta farfaɗo idan nama yana hucewa a hankali. Ita ke kawo murɗar ciki da zawo awa 6 zuwa 24 bayan ci. Hayaƙi kuwa bayan nama kawai yake busarwa, cikin cinya da kafaɗa yana nan da danshinsa.

Mas'ala ta biyu: bayan saukewa daga wuta

Babu laifi a bar nama ya huta ɗan lokaci domin ruwansa ya zauna. Sai dai Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi kada dafaffen abinci ya wuce awa 2 a ajiye a fili, kuma masana sun mayar da shi awa 1 idan zafi ya wuce digiri 32. Ke nan ragon da ya kwana a tsaye gaban toka mai sanyi yana cikin haɗari. Hanya biyu ce gare mu. Ko dai mu raya garwashi har safe, naman ya zauna da zafin da hannu ba ya iya jurewa, ko kuwa mu yanyanka shi ƙanana, mu baza a faranti mai faɗi, mu sa a firigo. Kada mu ƙunshe shi da zafinsa cikin leda ko rufaffiyar roba, domin nan ne ɗumi ke daɗewa.

A firigo, kwana 3 zuwa 4 ne iyakarsa. Idan kuran ya yanke, firigon da ba a buɗe ba kan riƙe sanyinsa kimanin awa 4. Wanda ba shi da firigo, ya bi hanyar iyayenmu: a soya naman cikin kitsensa har ruwansa ya ƙone sarai. Annabi (SAW) ya taɓa hana ajiye naman layya fiye da kwana 3 saboda buƙatar mutane, daga baya ya yi izini. Ajiya halal ce, amma a kyautata ta.

Mas'ala ta uku: ɗumame

Idan za mu ɗumama, mu ɗebi abin da za a ci kaɗai, mu mayar da shi wuta har tururi ya fito daga tsakiyarsa, wato kamar digiri 75. Romo kuma ya tafasa. Sau ɗaya ya isa. Amma mu lura, wuta ba ta gyara abin da ya riga ya ɓaci. Ƙwayar Staphylococcus aureus, wadda ke zaune a hanci da fata da gyambo, tana zuba wa nama dafin da ɗumame ba ya kashewa, mai sa amai tun daga rabin awa zuwa awa 8. Saboda haka mai rabon nama ya wanke hannu da sabulu, ya rufe rauninsa, kuma wuƙar da ta taɓa ɗanye ko kayan ciki kada ta taɓa gasasshe sai an wanke ta. Kada mu dogara ga hanci, domin nama kan ɗauki cuta bai yi wari ba.

Kammalawa

Wani zai ce zubar da nama almubazzaranci ne. Muna cewa, almubazzarancin shi ne sakacin da ya bar shi ya ɓaci, amma ciyar da shi ga marayu da tsofaffi ya fi muni. Yara, masu juna biyu da dattawa su suka fi jigata. Wanda zawo ya kama, a ba shi ruwan gishiri da sukari, idan kuma aka ga jini, zazzaɓi ko aman da ba ya tsayawa, a gaggauta kai shi likita.

Allah ya karɓi layyarmu, ya ba mu lafiya mai amfani. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.