Yadda ake daidaita silasha ta zauna a tsakiyar tarakta

Duk wanda ya saba bin hanyoyin gonakin Bakolori, daga Talata Mafara zuwa Bakura ko ta wajen Maradun, ya san ƙuncinsu: ga magudanar ruwa ta siminti a hannu ɗaya, ga fangalin shinkafar wani a ɗaya hannun. Tun da aka kammala madatsar Bakolori a kan Gulbin Sakkwato a 1978 taraktoci ke bin waɗannan hanyoyi, kuma a irin wurin nan taraktar da silasharta ta karkace ɓarna take yi. Ko wuƙar ta daki bakin magudana, ko hannun tarakta ya riƙa goga taya har ya cinye gefenta, ko a bar layin ciyawa a tsaye, dole a sake zagayowa a ƙona man da ba a shirya ƙonawa ba. Gyaran kuwa ba ya bukatar makanike. Sifana biyu, tef ɗin awo, alli da ɗan giris sun isa.

Tarakta tana riƙe kayan aiki a wuri uku: hannuwa biyu a ƙasa, sanda ɗaya a sama. Harry Ferguson ne ya ƙirƙiro wannan tsari, ya yi masa rajista a 1926, kuma shi ne a kan Massey Ferguson da Mahindra da New Holland da muke gani yau. Hannuwan nan na ƙasa an yi su ne su iya lilo hagu da dama. Abin da ke tsare lilon shi ne sarƙoƙi biyu, ko sandunan ƙarfe biyu masu ramukan fin, ɗaya a kowane hannu. Su za mu taɓa.

Fara da neman wuri mai faɗi da tauri, ba cikin gona mai laushi ba. Miƙe sitiyari, ka ja birkin hannu, ka cire giyar shaf ɗin baya. Ɗaga silashar kamar faɗin tafin hannu daga ƙasa don ta turu, sannan ka kashe inji, ka zare makulli ka sa a aljihu. Jira wuƙar ta tsaya cak, domin tana ci gaba da juyawa bayan an kashe inji. Ka kori yara, kuma kada ka sa ƙafa a ƙarƙashinta, haidirolik yakan sauke kaya ba sallama.

Kafin ka ɗora wa sarƙa laifi, duba tayoyin baya. Iskarsu ta zama ɗaya, tazararsu daga jikin tarakta ita ma ta zama ɗaya. Akwai taraktocin haya da ake juya musu taya ɗaya don aikin kunya, a manta a mayar, kuma duk awon da ka yi daga irin wannan taya ƙarya zai ba ka. Duba fin ɗin silashar ma. Na babbar tarakta kaurinsa milimita 28 ne, na ƙarama 22. Idan aka sa siriri a babban rami, ko aka toshe da guntun rodi kamar yadda wasu ke yi, wasan da zai riƙa yi ba sarƙar da za ta tsare shi. Sai kuma ka tsaya a baya ka ga ko gefe ɗaya ya fi ɗaya ƙasa. Idan haka ne, murɗa sandar ɗagawa ta hannun dama har su yi daidai.

Yanzu kwance notin kulle na sarƙoƙin biyu, ka sassauta su duka har silashar ta yi lilo idan ka tura. In zaren ya yi tsatsa, wanke shi da gas ka shafa giris. Duka da guduma lalata zaren yake yi.

Ga inda aikin yake. Ka bar ido, ka ɗauki tef. Ido yana ruɗi, musamman da yake murfin silasha da yawa ya sha duka ya lanƙwashe. Auna daga bakin shaf ɗin tarakta, wanda ke tsakiyarta sosai, zuwa ƙwallon da ke ƙarshen hannun dama, sannan zuwa na hagu. Tura silashar har awon biyu su zo ɗaya. Ka tuna rabin bambancin kawai za ka rage: idan dama ta fi hagu da santimita 6, tura har awon dama ya ragu da kamar santimita 3, don abin da ka rage can shi ke ƙaruwa nan. Da sun daidaita, sauke ta ƙasa ta zauna a wurin, ka yi alama da alli a ƙasa daidai gefunanta. Tsaya a baya ka leƙa: shaf ɗin da sandar sama su miƙe ɗoɗar, ba su nufi wata taya ba. Shaf da ke juyi 540 a minti ɗaya a karkace, kuros ɗinsa ba ya daɗewa.

Sai ɗaure sarƙa, kuma a nan ne direbobi da yawa ke rikicewa, don taraktoci ba iri ɗaya ba ne. Idan sarƙoƙinka a waje suke, tsakanin hannu da taya, gajarta ta dama yana jan silasha zuwa dama. Idan a ciki suke, sun kama kusa da shaf, gajarta ta dama hagu yake kai ta. Dubi taka da kyau kafin ka murɗa. Ɗaure kaɗan-kaɗan, zagaye biyu a nan, zagaye biyu a can, kada ka gama gefe ɗaya kafin ka taɓa ɗayan. Mai sanduna kuwa, fin ɗin ya shiga rami mai lissafi ɗaya a kowane gefe.

Kada ka ɗaure tamau. Wannan ne kuskuren da ya fi ba ni takaici, domin mai yinsa yana ganin ƙoƙari ya yi. Bar wasa kaɗan, kamar faɗin yatsa biyu a ƙarshen hannu. Idan silasha ta ci karo da kututture ko tudun gara, wannan ɗan wasan ne ke shanye bugun. In babu shi, sarƙa ta tsinke ko kunnen ƙarfen da ta kama ya ɓalle daga jikin tarakta, wanda walda ba ta cika riƙe shi kamar da ba.

Tada inji, ka ɗaga ta a hankali har ƙarshe, wani ya tsaya nesa yana kallon sarƙoƙin. A taraktoci da yawa suna ƙara tsauri yayin da kaya ke hawa sama. Idan sun miƙe kamar tsirkiyar baka kafin ta kai ƙarshe, sauke, kashe inji, ka sassauta duka biyu daidai wa daida. Ka tabbatar kuma hannuwan ba sa kai wa taya ko an tura silashar iyakar wasanta. Sauke ta ka ga ko ta dawo kan allinka, sannan ka riƙe da sifana ɗaya, ka ɗaure notin kulle da ɗayar.

Gwada ta a layi ɗaya miƙaƙƙe, ka sauka ka dubi yankan da sawun taya: abin da ya wuce sawun dama ya zama daidai da na hagu. Bayan aikin rabin yini ka sake duba notin, girgiza na kwance shi.

Ranar da ka cire silasha ka ɗaura garma, wannan ɗaurin bai dace da ita ba. Garma tana son sarƙa a sake sosai don ta bi layinta a cikin ƙasa. In ka matse ta, ita za ta riƙa jan gaban tarakta gefe, ka wuni kana kokawa da sitiyari. Ƙirga zaren da ya fito a kowace sarƙa kafin ka sassauta, ka rubuta a murfin akwatin sifana, don ran da silasha ta dawo ka mayar da su yadda suke.