Darasi na 14: Sayen Murhun Gas a Birnin Alƙahira

A ƙasar Hausa duwatsu uku ne asalin murhu. Daga baya aka sami kurfoti mai aiki da gawayi, da risho mai kananzir, sannan murhun gas, wanda mutanen birni ke kira kuka. Bahaushen da zama ya kai shi Alƙahira, babban birnin Masar, ko don karatu a Jami'ar Azhar ko don kasuwanci, zai tarar cewa kusan kowane gida da gas yake girki. Misirawa suna kiran wannan murhu butagaz. Asalin kalmar sunan wani kamfanin sayar da gas ne, amma yau da gobe ta zama sunan murhun kansa, kamar yadda Hausawa ke kiran kowane garin sabulu omo.

Mai son sayen murhu yakan nufi titin Abdul'aziz, wanda ya taso daga dandalin Ataba a tsakiyar birni. Kantunan kayan gida ne jere a wannan titi, kuma kowane ɗan kasuwa yana yabon hajarsa. Sai dai mai hankali ba ya fara zaɓe daga kanti. Daga gidan da zai shiga yake farawa, domin tambaya ta farko ita ce: wane irin gas ne a gidan?

Gas iri biyu ne a Alƙahira. Akwai na bututu, wanda aka soma kai wa gidajen birnin tun farkon shekarun 1980, ana biyan kuɗinsa bisa abin da mita ta nuna. Akwai kuma na tukunya, wadda Misirawa ke kira ambuba, mai ɗaukar gas kilo 12 da rabi. Masu tallarta suna zagaya unguwanni suna ƙwanƙwasa ta da sifana don a san sun iso. A da tukunyar tana da arha ƙwarai saboda tallafin gwamnati. A shekarar 2013 farashinta na hukuma fam 8 ne, a 2018 ya kai fam 50, a watan Afrilun 2025 kuma ya kai fam 200. Saboda haka gidan da ke da bututu ya huta da ɗawainiya biyu: tsada da hawa bene da tukunya a kafaɗa.

Bambancin bai tsaya ga kuɗi ba. A ƙarƙashin kowane kan murhu akwai ɗan ƙarfe mai ƙaramar huda, ta inda gas ke fitowa. Hudar gas ɗin bututu ta fi faɗi, ta tukunya kuwa ta fi ƙanƙanta, domin gas ɗin tukunya ya fi ƙarfin zafi. Idan aka haɗa murhun da aka shirya don bututu da tukunya, wuta za ta tashi sama, ta yi ɗorawa maimakon shuɗiya, ta baƙanta gindin tukwane, ta kuma fitar da iska mai guba wadda ba ta da wari. Idan aka yi akasin haka, wutar za ta yi rauni, ruwan shayi ma sai an gaji da jira. Sauya waɗannan ƙarafa ba shi da wuya, amma aikin gwani ne, kuma wajibi ne a yi maganarsa kafin a biya kuɗi.

Bayan wannan sai girma. Ƙaramin murhu yana da kawuna 4, faɗinsa kamar santimita 60. Babba yana da kawuna 5, faɗinsa ya kai santimita 90. Ɗakunan girki a gidajen haya na Alƙahira sukan zama matsattsu, saboda haka a auna wurin ajiyewa, a auna ƙofa, tun ba a fita kasuwa ba.

Abincin gida ma yana da ta cewa. Misirawa sun fi damuwa da tanderun da ke ƙasan murhu, domin a ciki suke gasa taliya da nikakken nama, da dankali a faranti, da kuma kahk, abin maƙulashen da ake yi da ƙaramar Salla. Matar Bahaushe kuwa tuwo za ta tuƙa. Tuƙin tuwo yana bukatar babbar tukunya da muciya da ƙarfin damtse, don haka ƙarafan da tukunya ke zama a kansu su ne abin dubawa. Masu kauri, na zubi, sun fi sirara masu sheƙi, ko da sun fi su tsada.

Abin da bai kamata a yi tsimi a kansa ba shi ne abin da 'yan kasuwa ke kira aman kamil, wato cikakken tsaro. Wani ɗan tsinken ƙarfe ne a gefen kowane kai, mai jin zafin wuta. Idan miya ta tafaso ta kashe wutar, tsinken zai huce, gas ya yanke da kansa. Wasu murahun tanderunsu kaɗai ke da wannan tsari, kuma ba kowane mai kanti ne zai faɗa ba sai an tambaya. Ga mai amfani da tukunya abin ya fi muhimmanci, domin gas ɗinta ya fi iska nauyi: idan ya yi yoyo, ƙasa yake kwanciya, ba ya saurin fita ta taga.

Game da kamfani, akwai na gida irin su Universal da Fresh da Kiriazi, akwai kuma na Italiya, waɗanda suka ƙara tsada bayan faɗuwar darajar fam a 2016 da 2024. Na gida suna da sauƙin samun kayan gyara. Ko wanne aka saya, a karɓi takardar garanti mai hatimin kanti. Ranar haɗawa kuma a shafa ruwan sabulu a mahaɗar tiyo. Idan kumfa ta taso, akwai yoyo, kada a kunna ashana.

Tambayoyi

1. Daga ina kalmar butagaz ta samo asali?
2. Me zai faru idan aka haɗa murhun gas ɗin bututu da tukunya?
3. Don me mai tuƙa tuwo za ta fi duba ƙarafan murhu fiye da tanderu?
4. Yaya aman kamil yake aiki?