Yadda Ake Sabunta Ɗaki da Kuɗin Tarkacen da Ke Cikinsa

Yawancin matan da ke son sauya wa ɗaki kama daga kasuwa suke farawa. A shiga Kantin Kwari a ga labule, a biya wurin kafinta a taya kujeru, a dawo gida ana lissafin ranar kwasar adashi. Ni kuwa a ganina daga ƙarƙashin gado ya kamata a fara, da saman kabet, da bayan ƙofa, da bakkunan nan da aka ɗaure bakinsu tun tarewa ba a sake kwancewa ba. Kaso mai tsoka na kuɗin aikin a nan yake kwance. Kuma ɗakin da ya cika maƙil, ko wane irin fenti aka shafa masa ba zai yi haske ba.

A fara da zaɓen lokaci. Kada a taɓa bango da damina, domin danshi ba ya barin fenti ya kama. Da tsakiyar hunturu kuma ƙura ce za ta manne masa tun yana ɗanye. In don Sallah ake yi, a gama kafin a ɗauki azumi. Daga goman tsakiya zuwa ta ƙarshe tela da mai fenti da kafinta ba sa iya ɗaga kai, farashi ya hau, alkawari ya yi wuyar cikawa, ga ƙishirwa ga hidimar buɗa-baki.

Ranar da aka sa, a shimfiɗa tabarmi a tsakar gida da sassafe, a fito da komai. Komai nake nufi, har abin da kika tabbata zai koma. Muddin kaya na zaune a mazauninsu ido ya saba da su, ba ya ganin yawansu. Sai sun fito rana za ki tarar kina da kuloli bakwai alhali biyu kike zuba abinci a ciki. Tambaya ɗaya ta isa a yi wa kowane abu: daga Sallar bara zuwa yau an taɓa shi? Wanda aka taɓa ya koma gefe guda. Wanda ba a taɓa ba, ko dai na sayarwa ne, ko na kyauta, ko kuwa ya riga ya mutu.

Amma kafin a sa wa komai kuɗi, a tantance na wane ne. Kayan ɗakin da iyaye suka yi wa mace nata ne, tana da ikon sayarwa, ko da yake shawara da maigida ta fi kawo zaman lafiya. Rediyonsa da ta daina magana da akwatin takardunsa ba naki ba ne, komai tsufansu. Tukunyar da aka aro lokacin suna a mayar wa mai ita. Wanda ya fi duka nauyi shi ne kayan mamaci. In ba a raba gado ba, ko cokali ba ya sayuwa, domin akwai haƙƙin magada a ciki, wataƙila har da marayu.

A wajen kwanuka ne zuciya ta fi yin nauyi, kuma da dalili. Jere ya daɗe yana sauya tufafi a ƙasar Hausa: daga ƙorai da faya-fayai zuwa tasoshi, zuwa kwalla da samira, zuwa tangaran a cikin kabet mai gilashi, har zuwa kulolin yau. Amma aikinsa bai tsaya ga ado ba. Iyayenmu sun ɗauke shi ajiya ce. Ranar da ciwo ya zo ko auren 'ya ya taso, sai a sauke seti ɗaya a ba dillaliya. Saboda haka mai sayar da kwanukan da ba ta amfani da su ba abin kunya ta yi ba, abin da aka tara su dominsa ta yi. Sharaɗi biyu kawai zan kafa. Kada a raba seti, domin kwano uku da marafensu sun fi kwano biyar warwatse daraja. Sannan a bar wani abu daga hannun mahaifiya ko kaka, ko da tasa ɗaya ce. Ita ba kasuwa ce ta san kuɗinta ba, kuma in ta fita ba za ta dawo ba.

Abin da za a sayar a wanke shi tas, a goge, a shanya. Atamfa da leshi da mayafai a wanke a yi musu guga, a ninke. Sannan a kira dillaliya, wadda aka sani, wadda unguwa ta shaide ta. Ita ce ke shiga gidajen da ke ba za ki shiga ba, ta san wadda ke haɗa wa 'yarta kayan ɗaki da wadda ta karɓi adashi jiya. Ku yi magana a fili tun kaya ba su bar gidan ba: la'ada za a cire mata daga abin da aka sayar, ko kuwa ke za ki faɗi kuɗinki ita ta ɗora nata a sama? Dukansu ana yi, rigima tana zuwa ne in ba a faɗa ba. A ƙirga kayan a gabanta, a rubuta a littafi, kowane abu da ƙaramin kuɗin da za ki iya sallamawa. Kada a ba ta kaya da yawa a tashi ɗaya. In ta kawo kuɗin na farko sai ta ɗauki na biyu.

Za ta dawo ta ce, "Hajiya, an taya, amma bai kai yadda kika ce ba."

In tayin ya yi ƙasa sosai, "Albarka, Inna, a ƙara zagayawa" ta isa. In ya matso kusa, ki sallama. Kuskuren da aka fi yi shi ne auna tsohon abu da kuɗin sabonsa na yau, har kaya su yi wata uku suna yawo a kan dillaliya su dawo da lamba. Wadda ta fi son ta ɗora hoto a WhatsApp ta ɗauka da hasken rana, ta nuna inda ya fashe ko ya koɗe. Bayyana aibin kaya wajibi ne a ciniki, ko ta hannun wa aka sayar. Kuma kada kaya su fita sai an duba asusu an ga kuɗi sun zauna, domin saƙon shigar kuɗi na bogi ya yi yawa.

Abin da ya mutu kuwa rabon 'yan gwangwan ne, amma shi ma kada a tara musu shi tsibi guda su yi masa kuɗin goro. Ƙarfe iri-iri ne, kuma a kan kilo ake sayensa. A samo maganaɗisu, ko na jikin tsohuwar lasifika ne. Abin da ya kama baƙin ƙarfe ne, shi ne mafi araha: tsohon risho, ƙafar gado, langa mai tsatsa. Abin da bai kama ba kuma ga shi shakwaf, alminiyam ne, irin su tukunyar da ta ɓule da murfinta, wanda masu zubin tukwane ke narkawa su fitar da sabuwa. Ya fi baƙin ƙarfe kuɗi. Jan ƙarfe, wanda ke cikin wayar wuta da naɗin fanka da injin firji, ya fi su duka. In an ware su an auna kowanne daban, bambancin ba kaɗan ba ne. In kayan sun kai a ɗauka a amalanke, gara wani namiji na gida ya kai su inda masu yawon ke kaiwa, kamar Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Katako a Yamai. Tsohon batirin mota ko na sola yana da kuɗi, amma da ruwan batir da dalma a cikinsa, a ajiye shi nesa da yara har ya fita. Kuma babba ya yi cinikin da kansa. Yaron da ya koyi cewa ƙarfen gida yana zama kuɗi a ƙofar gida, gobe ba sai an aike shi ba.

Sai littattafai. Tun daga shekarun 1980 littattafan Hausa na soyayya da zaman aure suka cika ɗakunan mata, kuma galibinsu kashi-kashi ake fitar da su, na ɗaya, na biyu, na uku. Kowace mai karatu ta san takaicin labarin da ya riƙe ta dare biyu, sannan a kashi na ƙarshe marubuci ya gaji, ya kashe kishiya da haɗarin mota, ya aurar da kowa a shafi uku. Irin waɗannan ba su cancanci wuri a sabon ɗaki ba. A haɗa kowane labari da 'yan'uwansa a ɗaure, domin wanda ya rasa kashi ɗaya ba mai saye, a ba mai hayar littattafai in akwai shi kusa, ko a yi musaya da wata mai karatu. Amma a tsaya a duba kafin a zubar da duka. Karatu ya koma waya, da yawa daga littattafan da aka buga a wancan zamani ba a sake buga su ba. Mai tsohon kwafin In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino, ko Alhaki Kuykuyo Ne na Balaraba Ramat Yakubu, ko Magana Jari Ce na Abubakar Imam da take da shi tun tana 'yar makaranta, ta riƙe abinta, ta sa masa bango. Littattafan boko a miƙa wa ƙannen da ke tasowa. Takardun da za a ba mai ƙosai ko mai tsire kuwa a bi su shafi-shafi. Duk mai ɗauke da aya ko sunan Allah a ware, a ƙone a wuri mai tsabta ko a binne.

Manyan kaya ba lallai ne su fita ba. Kujerar da katakonta ke da ƙwari yadi da soso kawai take buƙata, kuma sau da yawa tsohon katako ya fi na sabuwar da za a saya nagarta. A kira kafinta ya ƙwanƙwasa ya duba gara. Wasu kafintocin suna karɓar tsohon gado a yi ciko a ba da sabo. Katifar da kuɗin cizo ya shiga kuwa kada a sayar, kada a bayar; kai wa wani gida wannan bala'i ba kyauta ba ce. Abin da ya rage mai kyau wanda bai sayu ba a bayar da shi yana da sauran amfani, ga mai aikin gida, ko maƙwabciyar da gobara ta taɓa, ko marainiyar da ake haɗa wa kayan aure.

Yanzu ɗaki ya zama wayam, kuɗi suna hannu, sai gyara, kuma daga sama ake farowa. In kwanon rufi na yoyo ko silin ya yi tabo, shi ne farko, in ba haka ba damina ɗaya za ta cinye duk abin da aka kashe. Mai zaman haya ta sa a yi magana da mai gida kafin a taɓa komai. A kankare tsohon fentin da ya ɗago, a cike tsaga da siminti, a bar shi ya bushe sarai. In gindin bango yana fitar da farin gishiri yana ɓarɓashi, ruwa ne ke shigowa daga kwata ko makewayi, sai an toshe hanyarsa fenti zai zauna.

Fenti mai ruwa shi ne na bango, mai mai kuma na ƙofa da taga da ƙasan bango inda hannun yara ke kaiwa, domin yana goguwa. Ɗaki mai ƙafa 12 kowane gefe, shafa biyu, yakan ci wajen lita 10 zuwa 12 in bangon sumul ne, wato bokiti mai lita 20 ya isa har da silin. Kada a bari mai fenti ya tsinka shi da ruwa fiye da kima don ya yalwata. Shafa biyu marasa kauri, ta farko ta bushe kafin ta biyu, sun fi ɗaya mai kauri. Launi mai haske nake ba da shawara, ruwan madara ko sararin samaniya, musamman ga ɗakunanmu masu ƙaramar taga da wutar da ba ta zama. A buɗe taga da ƙofa, jariri da mai asma su kwana wani ɗakin har warin ya fita.

Daɓe ne na gaba. In leda za a shimfiɗa, a share ƙasa a cike duk wani rami, domin tsakuwa ɗaya a ƙarƙashi ta isa ta huda ta. A je kasuwa da awo a rubuce: in faɗin ledar ƙafa 6 ne, wancan ɗaki zai ci yadi 8, a yanka gida biyu. Kafet yana da daɗin taku amma yana riƙe ƙura. Labule shi ne ƙarshen saye, bayan fenti ya bushe an ga ainihin launinsa, kuma yadinsa ya ninka faɗin taga sau biyu in ana son ya yi tattara.

Wajen mayar da kaya, gado ne ke fara shiga, a inda za a iya ɗaura gidan sauro ba tare da an toshe taga ba. A bar tazarar tafin hannu tsakanin kabet da bango saboda iska da gara, kada kuma a rufe makunnin wuta da bayan kujera. Ƙarƙashin gado a bar shi yadda tsintsiya za ta shiga ta fito. Ragowar fenti a rufe bakinsa gam a ajiye a inuwa don taɓe-taɓen da za su taso, sannan a ɗauko littafin nan a bi dillaliya sauran kuɗin da ba su shigo ba.